Saƙo guda na iya durƙusar da na'urar imel: Wa ke gadin ƙofar ofisoshin jihar Maradi?

A watan Agustan 2024, masu kula da manhajar Dovecot, wadda kamfanoni da jami'o'i da ma'aikatu da dama a duniya ke ajiye wasiƙun imel a cikinta, sun fitar da wata sanarwa da ba ta shiga kanun labarai ba. Sanarwar ta ce idan aka turo saƙo da aka cunkusa wa layukan adireshi masu yawan gaske a samansa, wato wurin da ake rubuta mai aikawa da wanda aka aika wa, na'urar da ke ɗauke da manhajar za ta duƙufa wajen karanta su har ta kasa waiwayar sauran aikin da ke gabanta. Layi 100,000 na cinye mata daƙiƙa 12. A wata na'ura da ke bakin aiki kuwa, an ga saƙo mai layi 500,000 ya riƙe ta har minti 18. Saƙo guda ke nan, kuma wanda ya yi niyyar ɓarna ba zai tsaya a guda ba.

An fitar da gyara a sigar 2.3.21.1, maganar ta wuce. Sai dai ta wuce ne ga waɗanda suka saka gyaran. Duk na'urar da ba a taɓa ba tun daga lokacin, tsagar na nan yadda take, kuma yanzu kowa ya san wurinta, domin bayanin irin wannan rauni a fili ake wallafa shi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A harkar kwamfuta, har taswirar tsagar ake liƙa wa ƙadangaren a bango.

Mai karatu a Yamai ko Legas ko Tarabulus zai iya tambayar me ya haɗa wannan da jihar Maradi. Nisa ne ya haɗa su. Gundumomin Aguie da Gazawa da Gidan Rumji, duk da cewa babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya ta ratsa su, ɗaruruwan kilomitoci ne tsakaninsu da Yamai, inda ake sa hannu a kan kusan komai. Takardar da a da sai an ba direban mota ko yaron tasha ya kai ta, yau ta imel take tafiya: rahoton asibiti, jerin sunayen malaman makaranta, takardar neman kwangila, buƙatar kayan agaji. Idan na'urar da ke karɓar waɗannan wasiƙu ta tsaya, mutumin Yamai zai hau babur ya kai tasa da hannu kafin a tashi aiki. Na Gazawa ba shi da wannan gata.

Masana na kiran wannan matsala harin hana aiki, kuma iri biyu ne. Na farko shi ne na taron dangi, inda ake haɗa dubban kwamfutoci su yi ta ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya a lokaci guda har mai gaskiya ya rasa hanyar shiga. Irinsa ne ya taɓa Outlook a farkon watan Yunin 2023, lokacin da ƙungiyar da ke kiran kanta Anonymous Sudan ta yi iƙirarin kai wa Microsoft hari, kamfanin kuma ya tabbatar da aukuwar harin daga baya. Ƙungiyar ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. A watan Agustan shekarar, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, ta yi iƙirarin kai wa kamfanin MTN na Najeriya hari saboda barazanar ECOWAS ta amfani da ƙarfin soja, har hukumar NITDA ta Najeriya ta fitar da gargaɗi. A watan Oktoban 2024 hukumomin Amurka suka bayyana tuhumar wasu 'yan'uwa biyu 'yan Sudan da tafiyar da ƙungiyar.

Iri na biyu shi ne abin magana a nan, kuma ya fi arha. Ba ya buƙatar taro, ba ya buƙatar kuɗi. Kuskure ne da ke kwance a cikin manhajar kanta, wanda saƙo ɗaya ko 'yan layuka kaɗan za su tayar. Duk wanda ya taɓa kai niƙa ya san yadda tsakuwa ɗaya a cikin gero ke tsayar da inji. Ba a sace ko tiya ɗaya ba, hatsin kowa na nan a ƙwaryarsa, amma layi ya tsaya, kuma a daren nan akwai gidajen da ba za a tuƙa tuwo ba.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na Exim, manhajar da Philip Hazel ya fara rubutawa a Jami'ar Cambridge da ke Ingila a 1995. Kyauta ce, kuma ƙididdigar da ake yi wa na'urorin imel da ke bayyane a intanet ta sha nuna cewa fiye da rabinsu ita suke amfani da ita. Yawancin kamfanonin da ke sayar da masaukin shafin intanet mai rahusa, da ita suke haɗa wa kwastoma akwatin imel, shi ya sa ƙungiya ko makaranta ko ƙaramin kamfani zai iya shafe shekaru yana amfani da Exim bai taɓa jin sunanta ba. A watan Nuwamban 2017, wata mai bincike a kamfanin DEVCORE na Taiwan, Meh Chang, ta gano cewa a siga ta 4.88 da 4.89 ana iya aika wa manhajar wani umarni da zai sa ta yi ta zagaye a wuri ɗaya har ta faɗi. Mai aika umarnin ba ya buƙatar suna ko kalmar sirri. Ya isa kawai ya san adireshin na'urar.

Wani lokacin ma babu maharin. Ranar 1 ga Janairun 2022, na'urorin Microsoft Exchange na 2016 da 2019 a sassan duniya suka daina isar da wasiƙu. Sashen manhajar da ke binciken ƙwayar cuta a cikin saƙonni yana rubuta kwanan wata a matsayin lamba ɗaya doguwa, kuma lambar sabuwar shekara, 2201010001, ta zarce 2,147,483,647, wadda ita ce iyakar abin da ma'ajiyar lambar za ta iya ɗauka. Wasiƙu suka taru a layi a ranar hutu. Inda akwai ma'aikacin da ke sa ido, an warware matsalar cikin kwana ɗaya ko biyu da gyaran da kamfanin ya fitar. Inda babu, sai da aka dawo aiki aka fara tambayar me ya sa shiru ya yi yawa. Waɗannan sigogi biyu kuma, Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake ba su ranar 14 ga Oktoban 2025. Ofishin da har yanzu yake kansu ba tare da wani shiri ba, ya san da cewa yana tuƙa motar da aka daina ƙera kayan gyaranta.

Abin da ya sa ake raina irin wannan rauni a bayyane yake. Idan aka ce an sace bayanai, shugaban ma'aikata zai tashi tsaye, domin akwai abin kunya kuma akwai wanda za a tuhuma. Idan aka ce na'ura ce ta tsaya, sai a ɗaga kafaɗa a ce matsalar "rezo" ce, kalmar da ta zama bargon rufe kowane irin sakaci daga Yamai har Diffa. Ga kuma wani abu game da yadda imel ke aiki da ke ƙara ɓoye ɓarnar. Idan na'urar mai karɓa ba ta amsa ba, ta mai aikawa ba ta sanar da shi nan take. Ajiye saƙon take yi tana sake gwadawa, bisa al'ada har kwana huɗu zuwa biyar, kafin ta mayar masa da shi. A tsawon waɗannan kwanaki, mai aikawa ya ga saƙonsa a jerin waɗanda suka tafi, hankalinsa kwance. Wanda ake aika wa kuma bai san akwai abin da yake jira ba.

Kwana huɗu ba wani abu ba ne ga takardar gayyatar taro. Amma a duba Gidan Rumji. Tun daga 2019 dubban mutanen da suka tsere wa 'yan bindiga a jihohin Sokoto da Zamfara da Katsina suka tsallako wannan gunduma, har hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta haɗa kai da hukumomin Nijar aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Dan Dadji Makaou da Chadakori, nesa da kan iyaka. Aikin ciyar da su da yi musu rajista da kula da lafiyarsu aiki ne na ofisoshi da yawa da ke musayar jerin sunaye da alƙaluma da takardun izini. Ko a tuna da kwalarar da ta ɓarke a Madarunfa mai maƙwabtaka a watan Yulin 2018, ta kama dubban mutane kafin a shawo kanta. Cuta ce da ke iya kashe babban mutum cikin sa'o'i idan ba a ƙara masa ruwa ba. Buƙatar magani da ta kwana huɗu a layin wata na'ura, lissafinta da rayuka ake yi.

Haka abin yake ga matashin da ya kammala Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi ya koma gida Aguie yana neman aiki. Sanarwa ta ce a turo takardu kafin ƙarfe biyar na yammacin Juma'a. Ya sayi data da kuɗin da wansa ya turo daga Aljeriya, ya tura ranar Alhamis, ya yi addu'a. Idan na'urar masu ɗaukar aikin ta durƙushe a ranar, takardunsa za su shiga ranar Litinin, a jefa su cikin na waɗanda suka makara. Ba wanda zai kira shi ya ba shi haƙuri, shi kuma zai tafi da yaƙinin cewa rashin uwa a gindin murhu ne ya kayar da shi.

Za a ce ai yanzu kowa WhatsApp yake amfani da shi, kuma gaskiya ne, rabin aikin ofis a can ake yin sa. Amma banki da jami'ar waje da ofishin jakadanci da mai ba da tallafi ba sa karɓar saƙon murya a matsayin hujja. Lambar tabbatarwa, tikitin jirgi, ranar ganawar biza, duk ta imel suke zuwa, kuma 'yan ƙasar da ke zaune a waje sun fi kowa sanin haka.

Za a kuma ce to a bar wa Gmail da Yahoo aikin mana, tunda su ba sa faɗuwa da saƙo ɗaya. Wannan hujja ce mai ƙarfi, bai kamata a yi mata gaggawar watsi ba. Manyan kamfanonin nan suna da ma'aikatan tsaro dare da rana, kuma duk wanda ya saba karanta sanarwar hukumomi da ƙungiyoyi a Nijar ya san sau nawa yake ganin adireshin da ya ƙare da yahoo.fr ko gmail.com a ƙasan takarda mai tambarin hukuma. Ma'aikatan da ke yin haka ba wawaye ba ne, abin da ke aiki suka zaɓa. Amma akwatin na mutum ne, ba na ofis ba. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ko aka sauke shi, wasiƙun shekaru sun tafi da shi. A watan Afrilun 2024 an rusa majalisun ƙananan hukumomi a faɗin ƙasar aka naɗa kantomomi, kuma duk inda aikin gari ya kasance a akwatin imel na wani mutum, sabon da ya zo daga farko zai fara. Ban da haka, kowane ɗan damfara zai iya buɗe adireshi mai kama da na magajin gari cikin minti biyar.

Akwai kuma maganar hanya. Nijar ba ta da gaɓar teku, intanet ɗinta ta ƙasashen maƙwabta yake shigowa. Ranar 14 ga Maris ɗin 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a kusa da gaɓar Côte d'Ivoire, Nijar na cikin ƙasashen da abin ya taɓa. Wasiƙar da aka aika daga Gazawa zuwa Aguie, garuruwan da har zuwa 2011 gunduma ɗaya suke, idan ta Gmail ce sai ta fita nahiyar ta dawo.

Don haka masu cewa ƙasa ta riƙe wasiƙunta a gida suna da gaskiya. Hukumomin yanzu sun mayar da 'yancin kai taken mulkinsu, kuma aikin shimfiɗa wayar intanet ta ratsa Sahara da Bankin Raya Afirka ya tallafa ya haɗa da cibiyar ajiye bayanai ta ƙasa a Yamai. Ƙasar na da nata sunan yanki a intanet, .ne, tana da hukumar ANSI da aka kafa a 2017, tana da tsarin tsaron intanet na ƙasa na 2023 zuwa 2027. Sai dai mallakar na'ura ba irin mallakar gini ba ce, da za a yanke kyalle a ɗauki hoto a tafi. Kiwo ne. Manhajar da take lafiya lau ranar da ɗan kwangila ya miƙa makulli, bayan wata shida an gano mata tsaga uku. Na'urar imel ta gida da babu mai duba ta, ta fi Gmail hatsari nesa ba kusa ba, kuma a nan karin maganar nan ta da muguwar rawa gara ƙin tashi ta zauna daram.

Tarihin Exim ya nuna tsawon lokacin da sakaci ke ɗauka ko a ƙasashen da suka fi ƙarfi. A watan Yunin 2019 aka bayyana wani rauni a manhajar da ya fi na hana aiki muni, domin yana ba mahari damar karɓe na'urar gaba ɗaya, aka kuma fitar da gyara. A watan Mayun 2020, kusan shekara guda bayan haka, hukumar tsaron Amurka ta NSA ta fito tana gargaɗin cewa ƙungiyar Sandworm ta leƙen asirin sojan Rasha na shiga na'urori ta wannan ƙofa tun watan Agustan 2019. Gyaran kyauta ne, saka shi aikin ɗan lokaci ne. Wanda zai saka ne babu.

A jihar Maradi akwai ƙarin nauyi da injiniyan Turai ba ya lissafawa, wato wuta. Layin lantarkin da ke ciyar da Maradi da Damagaram daga Katsina yake shigowa, a Gazawa yake rabuwa. Da Najeriya ta katse wutar a watan Agustan 2023 saboda takunkumin ECOWAS, wanda ba a ɗage ba sai 24 ga Fabrairun 2024, kowa ya ga yadda ofisoshi suka koma dogaro da janareta da hasken rana. Na'urar da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta ta riga ta saba wa masu amfani da ita da rashin aiki, ta yadda ranar da aka kai mata hari na gaske ba wanda zai bambance. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana kowace gunduma ajiye tata na'urar a ƙarƙashin teburin sakatare. Wuri ɗaya mai tsayayyar wuta da ma'aikata, da na biyu a wani gari da zai karɓi wasiƙu idan na farko ya faɗi, ya fi na'urori hamsin marasa makiyayi. Tsarin imel tun asali ya tanadi wannan: ana iya rubuta na'ura ta biyu a rajistar sunan yanki, wasiƙa ta sauka can ta jira.

Doka kuwa tana nan. Dokar yaƙi da laifukan intanet mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yulin 2019 ta haramta kutse da hana na'ura aiki. Amma a tambayi duk wani matashi a Maradi abin da ya sani game da ita, zai ce dokar da ake kama mutane da ita saboda rubutu a Facebook. Da ita aka yanke wa 'yan jarida Samira Sabou da Moussa Aksar hukuncin ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka a watan Janairun 2022. An cire hukuncin ɗauri kan ɓatanci da zagi a 2022, aka dawo da shi a watan Yunin 2024. An gyara dokar sau biyu a kan abin da mutane ke faɗa. Ƙarfin da ake sawa wajen bin sawun masu rubutu, da za a karkatar da ko rubu'insa wajen bin sawun na'urorin gwamnati da ba a sabunta ba, da an ga bambanci. Mahari da ke zaune a wata nahiya ba ya tsoron kotun Maradi, abin da ke tsayar da shi kawai shi ne ya ƙwanƙwasa ya tarar an toshe tsagar.

Abin da ake buƙata daga hukumomi bai kai girman gina cibiya ba. A san adadin na'urorin imel da ke aiki da sunan gwamnati da jami'o'i da asibitoci, da manhajar da ke kan kowace, da sigarta. Kowace a rubuta sunan ma'aikacin da ke da alhakinta, da wa'adin kwanakin da dole ya saka gyara bayan an fitar. Duk kwangilar kafa irin wannan na'ura ta ƙunshi kuɗin kula da ita na shekaru, domin a nan ne aka fi yin ha'inci: a ci kuɗin kafawa, a bar ofis da akwatin da ba wanda ya san kalmar sirrinsa. Sannan duk sanarwar ɗaukar aiki ko ba da tallafin karatu da ta ce a turo takardu ta imel, ta zo da amsar karɓa ta kai tsaye, domin mai nema ya san cikin minti ɗaya ko saƙonsa ya isa, ta kuma zo da alƙawarin ƙara wa'adi idan na'urar ofis ce ta gaza. Najeriya na da ngCERT da ke fitar da gargaɗi idan an gano sabon rauni. Gargaɗi irin wannan a Nijar, da Faransanci da Hausa, wadda kundin sake gina ƙasa na watan Maris ɗin 2025 ya ayyana a matsayin harshen ƙasa, zai isa ga ma'aikacin kwamfuta a Tibiri ko Gangara a ranar da aka fitar da shi.

Ga matasa kuma, wannan fage ne da babu cunkoso a cikinsa. Exim da Postfix da Dovecot duk kyauta ne, littattafan koyonsu a buɗe suke, tsohuwar kwamfuta ɗaya ta isa a yi gwaji. Masu koyon zanen fosta da haɗa bidiyo sun yi yawa a Maradi, masu iya karanta rajistar na'ura su gane dalilin da ya sa layin wasiƙu ya tsaya kuwa ana neman su da fitila. 'Yan jihar da ke wannan aiki a Dakar ko Kasabalanka ko Faransa, waɗanda ƙungiyoyinsu suka saba tara kuɗin gina aji da haƙa rijiya a gida, za su iya ɗaukar nauyin duba na'urar makaranta ko asibiti ko ƙungiyar manoma ta garinsu daga inda suke, da izinin masu ita a rubuce, tunda taɓa na'urar wani ba izini laifi ne a ƙarƙashin dokar 2019 ko da niyyar gyara ce. Ga wanda ya samu izinin, duba sigar Exim umarni ne na layi ɗaya, kuma idan amsar da ta fito ta nuna 4.89, na'urar na iya kasancewa ɗauke da tsagar da aka sanar da duniya tun watan Nuwamban 2017.